Bidanj ɗin Mustang a Yamai: man ne ke cin aljihu, ba makanike ba

Duk wanda ya sayi Ford Mustang GT ƙirar 2015 ya san za ta sha isansi, amma ba kowa ke sa baƙin mai cikin lissafi ba. Injinta V8 ne mai lita 5.0, kuma in za a juye mai har da canjin filta, lita 7.6 yake ɗauka. Corolla ta maƙwabcina bido guda ya ishe ta, har a samu ragowa. Tawa sai bido biyu masu lita biyar-biyar.

Garajin da nake kai ta yana ta wajen hanyar Filinge, ba allo ba suna, rumfar kwano ce da rami guda. Abin da ya riƙe ni a wurin ƙarami ne: maigarajin, wani dattijo mai haɗa Hausa da Zabarmanci, yana karanta murfin mai kafin ya taɓa sifana. A murfin an rubuta 5W-20, wato lambar mai marar kauri. Shagunan gari kuwa masu kauri irin 20W-50 da 15W-40 ne suka cika su, kuma kusan kowane makanike zai ce maka mai kauri ne ke jure zafin Yamai, musamman a watan Afrilu da ake wuce digiri 40. Na faɗa wa dattijon haka don in ji ta bakinsa. Ya ce, "Alhaji, wannan maganar ta tsohuwar Peugeot 504 ce. Injin nan da matsin mai yake gyara lokacin buɗe bawul, hanyoyinsa kuma ƙanana ne. Ka ba shi mai kauri, da safe sai ya jira kafin ya kai sama." Na ce, "To Baba, a bi murfi."

Yana duba hatimin kowane bido a gabana saboda jabu. Yana barin tsohon man ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, ya shafa sabo a bakin robar filta, ya ɗaure ta da hannu kawai. Bayan an tayar da injin an kashe, sai ya dakata kaɗan kafin ya zaro sandar awo. Yaransa kuma su tara tsohon man a jarka, wai masu shafa wa katako saboda gara ke saye.

Ga abin da na biya a zuwana na ƙarshe: mai jikka 70 na sefa, filta jikka 12, kuɗin hannu jikka 5. Lita biyu da 'yan kai da suka rage suna bayan mota don ciko.

Wurin yana da nasa aibu. Bakin ramin ya yi tudu, motar kuma cikinta a ƙasa yake, sai an jera katakai ana "zo, zo, tsaya" kafin ta hau ba tare da leɓenta na gaba ya gogi siminti ba. Wurin zama benci ne guda, rabinsa a rana. Kuma ba ya ajiye filtar, Motorcraft FL-500S, sai ka zo da taka. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, saƙo yana daɗewa a hanya, shi ya sa nake sa a aiko mini da bibbiyu.

Kwamfutar motar tana iya barin ka har kilomita 16,000 kafin ta nemi juye. Littafinta dai ya ce inda ƙura ta yi yawa a yi a kilomita 8,000 ko wata shida, kuma wanda ya ga filtar iskata bayan hunturu ba zai tambayi wanne ya shafe mu ba. Dattijon bai saba da maɓallan sitiyari ba, don haka ni nake mayar da ma'aunin man na kwamfutar kan kashi 100 da kaina kafin in fita. In za ka je, ka je da hantsi injin na da ɗumi, ranar Juma'a kuwa kafin azahar sun rufe.