Lokacin cikar kogi ko lokacin janyewar ruwa?

'Yar'uwa, kin tambaya yaushe ya fi dacewa mutum ya je yawon buɗe ido garin da ke da tashar jiragen ruwa a bakin kogi: sa'ad da kogin ya cika, ko bayan ruwa ya ja baya?

Idan tashar kike son gani tana aiki, ki je lokacin cika. A lokacin ne manyan jirage ke samun zurfin da za su iso har gaɓa, 'yan dako na sauke kaya, masu kwale-kwale na kiran fasinja. A Mopti ta ƙasar Mali, inda kogin Bani ya haɗu da Neja, manyan jiragen fasinja kan yi zirga-zirga ne daga wajen watan Agusta zuwa ƙarshen shekara, daga nan sai a bar wa ƙananan jirage kogin. A Manaus ta Brazil kuwa, ruwa kan hau ya sauka da kimanin mita 10 a shekara, shi ya sa aka yi tashar garin a kan abin da ke iyo, tana tashi tare da kogin. Sai dai cika na zuwa da igiyar ruwa mai ƙarfi da sauro, wani lokaci har da ambaliya, kamar yadda Lokoja ta gani a 2012 da 2022. Don Allah kada ki shiga kwale-kwale ba rigar kariya, kuma ki guji wanda aka yi wa lodi fiye da kima.

Janyewar ruwa ta fi kwanciyar hankali. Rairayi kan fito, a taka a ƙafa, a ga masunta na gyaran taru. Amma tashar kan yi tsit, jirgin da kika sa rai ma yana iya fasa tashi. A 2018 kogin Rhine na Turai ya ragu har aka riƙa kwashe masu yawon buɗe ido daga jirage zuwa motocin bas.

Ni dai na fi son makonnin da ruwa ya fara sauka: jirage na nan suna aiki, igiya ta lafa. Amma kada ki auna da damina kawai, domin kogi na ɗauko ruwansa daga nesa. A Yamai, kogin Neja kan sake cika wajen watan Janairu, cikin hunturu, da ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini. Ki tambayi masu jirgin garin watan da kogin nasu ke cika kafin ki sa ranar tafiya.