Kafin ka sayo wa su Baba gwangwanin furotin ko kolajin

Yanzu duk babban kemis ɗin da ka leƙa a Kano, daga Zoo Road har Sabon Gari, za ka ga gwangwanaye a jere, wannan kolajin (sinadarin da ke riƙe fata da gaɓoɓi), wancan garin furotin (sinadarin gina jiki), ga ƙwayoyin narkar da abinci, ga masu talla a WhatsApp kuma suna ta cewa wai nasu yana maido da tsoho yaro. Mutane na kashe kuɗi sosai saboda son iyaye, to gara a san me ake saye.

Abin da tsufa ya fi ci a jiki tsoka ce. Daga shekara 30 take fara raguwa, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara 10, in aka haura 60 kuma sai abin ya ƙara gudu. Shi ya sa za ka ga Baba in ya idar da sallah sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe, ko Hajiya ta miƙo maka kwalbar man zafi ta ce buɗe min. Kuma jikin tsoho ba ya saurin juya furotin ya zama tsoka kamar na saurayi, don haka masana ke cewa ya samu giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, ba 0.8 na sauran mutane ba. Mai kilo 60 kenan yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Mu kuwa koko da safe, shayi da burodi, dare ya yi tuwo da miyar kuka, shi kenan an ce sun ci.

Kolajin ana yayinsa, amma ni a wurina shi ne na ƙarshe. Gaskiya ne kolajin ɗin fata yana raguwa da shekaru, amma wanda ka sha ciki ne zai fara farfasa shi kamar kowane abinci, ba wai zai wuce kai tsaye ya je gwiwa ba, sannan ba cikakken furotin ba ne, akwai abin gina jiki ɗaya da babu shi a ciki. In tsoka kake nema wa tsohonka kada ka fara ta nan.

Garin furotin ɗin da ake cirowa daga madara, wanda 'yan ɗaga ƙarfe ke sha, shi kam yana da amfani, musamman ga wanda haƙora suka zube ko wanda ya tashi daga doguwar jinya ba ya iya cin kirki. Duba lambar NAFDAC, duba ranar lalacewa, sannan ka karanta yawan sukarin da ke ciki don wasu rabinsu zaƙi ne, mai ciwon suga bai dace da su ba. Mai ciwon ƙoda kuma kada a ba shi sai likita ya ce, don shi sau da yawa rage masa furotin ma ake yi.

Ƙwayoyin enzayim na narkar da abinci an yi su ne don wanda likita ya tabbatar jikinsa ya gaza fitar da nasa, ba don duk wanda ya ce cikinsa ya kumbura ba. In madara ce ke ɓata masa ciki a gwada kindirmo, tsamin da ya yi ya riga ya rage sukarin madarar. Abin da ya fi damuna ma shi ne bitamin B12, tsofaffi da yawa ruwan cikinsu mai tsami ya ragu ba sa iya tsotse shi daga abinci, masu shan metformin, maganin ciwon suga, shekara da shekaru su ma haka, sai ka ji ana ƙorafin ƙafa na dindiris da mantuwa ana cewa ai tsufa ne. Kuɗin gwangwani ɗaya gara a kai shi gwajin jini.

Wallahi wanda ya fi arha ya fi aiki yana kasuwa. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, ga wake daga Dawanau a yi alale mai laushi, ga awara, ga busasshen kifi a cire ƙaya a daka a zuba a miya, ga dambun nama ga wanda ba ya iya tauna tsoka. A raba shi safe, rana, dare, ya fi a tara masa lokaci guda. Kuma sai da motsi, ko da tattaki zuwa masallaci ne da tashi zaune daga kujera sau da yawa, in ba haka ba tsokar ba za ta ginu ba.

Hanta da ƙodar tsoho sun rage saurin fitar da magani, yana daɗewa a jini, don haka duk gwangwanin da ka saya, balle masu haɗin ganyayyaki, ka tafi da shi ranar ganin likita tare da ledar magungunan hawan jininsa a duba ko za su zauna lafiya tare.