Na gwada abin sauraren inji irin na likita a kan kukan da motata take yi

Kusan sati uku motata tana wani siririn kuka, wiiii haka, ba ƙwanƙwasa ba kuma ba ƙarar fanbel mai santsi ba wadda kowa ya sani da safe. Idan tana silo da ƙyar za ka ji shi, amma da na taka totur sai ya tashi sama, in na saki ya sauko. Wallahi abin ya hana ni sakat, domin motar nan da ita nake kai yara makaranta kuma ba na son ranar da za ta tsaya mana a tsakiyar titi.

Farko na sa ƴar na'urar nan ta OBD2 da ake sokawa a ƙasan sitiyari tana magana da waya, ba ta nuna komai ba, ko kod ɗaya, wato lambar da ke nuna matsala, babu. Daga baya na gane ba laifinta ba ne, ita abin da sensa suka faɗa wa kwamfutar mota take karantowa, boris kuwa, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa abu ya juya sumul, idan giris ɗinsa ya bushe babu sensar da ke kansa. Na kai wa wani makanike, ya buɗe bonet ya tsaya kamar minti ɗaya ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir, a canja. Mutumin kirki ne kuma ban ce ƙarya ya yi da gangan ba, amma hankalina bai kwanta ba tunda batir bai taɓa ba ni matsala ba, fitilarsa ma ba ta taɓa kamawa ba. Shi ne na sayi wannan abin sauraren.

Kamanninsa sak na likita, abin sawa a kunne guda biyu da tiyon roba, sai dai maimakon faifan da ake ɗorawa a ƙirji akwai wani ɗan ƙoƙo mai siririn marfi a ciki, sannan dogon tsinken ƙarfe kashi biyu da ake ɗaurawa da juna. Ba batir ba caji. Dabarar ma tsohuwa ce, tun 1816 wani likitan Faransa René Laennec ya fara sauraren ƙirjin mutane da bututu, su kuma tsofaffin makanikai har yau za ka ga sun kafa dogon sukudireba a jikin inji sun kara kunne a ƙotar. Na gwada sukudireban ni ma, ana ji, amma fuskarka tana dab da bel mai gudu kuma ɗaya kunnen yana kwasar duk hayaniyar waje. Wannan kuwa kunnuwa biyun a toshe suke kuma kanka yana nesa.

Kafin na sa shi sai da na rage zato da abin da ba ya buƙatar kayan aiki. Motar tana tsaye a firi kukan yana bin totur, kenan ba boris ɗin taya ba ne, don shi gudun mota yake bi. Na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, kukan bai canja ba, man sitiyarin kuma yana kan layinsa, da famfon sitiyari ne da ya ƙara ƙarfi a lokacin. Na kunna AC na kashe, duk ɗaya. Na sa mita a kan batir inji yana aiki ta nuna volt 14.2, wanda yana cikin 13.5 zuwa 14.5 da ake so, rediyo ma ba ya ɗauko wannan kukan a sifika kamar yadda yakan yi idan diyod ɗin altaneta, ɗan abin da ke daidaita wutar da take bayarwa, ya lalace. Toh amma duk wannan bai wanke boris ɗin altanetar ba, yana iya caji lafiya alhali boris ɗinsa yana mutuwa.

A nan ne abin ya nuna amfaninsa, kuma a nan ne ya kusa ɓatar da ni. Da na ɗora tsinken a jikin altaneta na ji kukan raɗau, har na ce shikenan makaniken yana da gaskiya. Allah Ya sa ban tsaya nan ba. Na matsa kan famfon ruwa na ji shi amma can ƙasa-ƙasa, na ɗora a murfin inji na sake jin sa kaɗan, sai na fahimci ashe ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai ko'ina, duk abin da ke ɗaure a jikin injin zai ba ka wannan kukan. Sai da na kai tsinken kan notin tsakiyar wata ƴar fuli, wato faifan da bel ke bi ta kansa, da ke ƙasan altanetar, wadda ba ta jan komai aikinta kawai ta riƙe hanyar bel, nan ne sautin ya canja gaba ɗaya. Ba ƙarfi kawai ya ƙara ba, akwai wani gurzawa a cikinsa kamar an zuba yashi a turmi ana juya taɓarya, har cikin haƙorana na ji. A altaneta kukan sumul yake, a nan kuwa da kaushi. Wannan bambancin kunne tsirara ba zai taɓa ba ka shi ba.

Washegari da safe inji da sanyi na ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya, na sassauta tenshina, abin da ke riƙe bel ɗin ya yi tauri, na cire bel ɗin, na tada motar ƙasa da minti ɗaya, don a irin injina bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, in ka daɗe za ta yi zafi. Shiru, kukan ya ɓace. Na kashe na bi kowace fuli da hannu, ta altaneta tana juyawa lafiya ba girgiza, ita kuwa ƴar fulin tana ta sharara ba tsayawa tana ƙara shhh, alamar ba sauran giris, kuma da na girgiza ta tana ɗan motsi gefe da gefe, ga jan ƙura ta tsatsa a bakin robar da ta rufe boris ɗin. Na koma wurin makaniken da ita a hannu, ya juya ta kusa da kunnensa ya gyaɗa kai, ya sa sabuwa, tun ranar ban sake jin kukan ba.

Inda abin bai yi mini ba gaskiya akwai. Robar kunnen tauri gare ta, minti biyar kunnena ya fara ciwo. Mahaɗin tsinken yana kwancewa da kansa saboda girgizar inji sai ka riƙa ɗaurewa. Mafi muni shi ne idan tsinken ya bugi wani ƙarfe ba shiri, ƙarar da za ta shiga kunnenka ba kaɗan ba ce, don haka ka fara ɗora shi a inda kake so a hankali. Kuma babu wata takardar kirki a cikin kwalin da ta yi gargaɗi, alhali tiyon yana lilo a gabanka kusa da bel, ga fankar lagireto mai lantarki da kan tashi da kanta ba sanarwa. Dan Allah duk wanda zai yi amfani da shi ya naɗe hannun riga, ya riƙe tiyon a jikinsa, kuma kada ya kuskura ya taɓa abin da ke juyawa, jikin da ke tsaye ko kan noti kawai.

Bai yi mini aiki sosai a kan fiton iska ba, na gwada neman inda tiyon iska ke zuƙa a motar ƙanina sai da na cire tsinken na yi amfani da bakin tiyon kawai sannan na ji wani abu. Kukan da sai mota tana gudu yake fitowa, kamar na giya ko na taya, shi ma wannan ba zai kai ka ba tunda ba za ka bi mota da shi ba. Amma ga duk wani kuka da ke gaban inji, altaneta, famfon ruwa, fuli, kwamfuresan AC, ina ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda robar kunnen da rashin gargaɗin. Yanzu yana cikin but tare da jak da sifana.