Zenmap: wahalar tana wajen girkawa

Duk mai kula da kwamfutocin ma'aikata ya san Nmap, manhajar da Gordon Lyon ya fitar a 1997 don gano na'urorin da ke kan netwok da ƙofofin da kowace ta bari a buɗe. Abin da ke korar sabon shiga daga gare ta shi ne komai sai an rubuta umarni da hannu. Zenmap ita ce fuskar da aka yi mata, mai maɓallai da akwatunan cikewa, kuma da ita nake duba netwok ɗin wurin aikinmu. Kyauta ce.

A Windows babu wata doguwar magana. Fayil guda za ka sauke, Zenmap na ciki, sai dai ka bari a girka Npcap tare da ita, domin ita ke ba Nmap damar aika fakiti da kama amsa.

A Linux ne aka kai ruwa rana. Da harshen shirya manhaja Python 2 aka rubuta Zenmap tun asali, shi kuwa an daina kula da shi a Janairun 2020, shi ya sa wasu nau'o'in Linux suka cire ta daga rumbun manhajojinsu. Har yau akwai tsofaffin bayanai da ke cewa ka ɗauko fayil ɗin RPM, wato ƙunshin girkawa na wasu nau'o'in Linux, ka juya shi da manhajar alien ya dace da naka. Idan tsohon fitowa ne, zai nuna maka ya girku lafiya lau, ka danna alamar, shiru. Maganin shi ne ka nemi Nmap 7.94 na 2023 ko wanda ya biyo bayansa, don a nan aka mayar da Zenmap kan Python 3 da GTK 3, kayan zana fuskar manhaja. Ko da hakan, tawa ta ƙi buɗewa sai da na kira ta daga taminal, wato tagar rubuta umarni, na ga layi na ƙarshe yana cewa babu wani abu mai suna gi. Na girka python3-gi da gir1.2-gtk-3.0, ƙunshin da ke kawo abin da ya ɓace, nan take ta fito. Shawarata ke nan ga duk wanda tasa ta yi gum: ya buɗe ta daga taminal ya karanta ƙorafinta.

Sai batun izini. In ka buɗe ta ba da sudo ba, wato umarnin da ke ba ka izinin rut, cikakken iko a kan na'ura, za ta gargaɗe ka, kuma kada ka raina gargaɗin. Binciken SYN, wata hanyar duba ƙofofi, da gano irin tsarin da na'ura ke aiki da shi duk suna buƙatar izinin rut, in babu shi sakamakon zai zo maka da giɓi.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta ɓoye maka abin da take yi. Ka zaɓi Intense scan daga jerin nau'o'in bincike, sai ka ga nmap -T4 -A -v ya bayyana a akwatin umarni, ka koma Ping scan ya zama -sn. Kana iya gyara layin da hannunka kafin ka danna. Wani abokin aikina da ke gudun taminal, ta kallon wannan akwati ya iya umarnin, yanzu da kansa yake rubutawa. Zanen Topology, wato taswirar yadda na'urori suka haɗu, yana da kyan gani a ƙaramin netwok, amma na'urori na yin yawa yake cakuɗewa, ban cika dogara da shi ba. Wanda na fi amfana da shi shi ne kwatanta bincike biyu: ka adana na wannan watan, ka ɗora shi kan na watan jiya, ƙofar da ta buɗe a tsakani ta fito fili. Ta haka muka gano wata firinta da ke amsawa a ƙofa ta 23, wato Telnet, hanyar shiga na'ura daga nesa, muka rufe.

Mai son gwaji ya tsaya kan na'urorinsa ko scanme.nmap.org, wanda masu Nmap suka tanada don haka. Bincikar netwok ɗin wani ba da izininsa ba na iya jawo maka shari'a.