Tiyatar tumbiɗi ga yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa: a ɗaure bakin tumbi ko a sa roba?

Tumbiɗin jariri mai lafiya yakan wuce da kansa, galibi kafin yaye. Na yaron da ke da lalurar ƙwaƙwalwa, irin wadda ke sandarar da gaɓoɓi, ba ya wucewa haka nan. Naman da ke rufe mahaɗar bututun abinci da tumbi yana da rauni, tumbin na jinkirin sauke abinci, yaron kuma yawanci a kwance yake. Ga taurin bayan gida, ga karkacewar ƙashin baya, ga farfaɗiya, kowanne yana ƙara matse ciki. Sai abinci da ruwan tsami su riƙa dawowa, bututun ya yi gyambo, yaro ya ƙi cin abinci, ya rame, ciwon huhu ya riƙa kai shi gadon asibiti. A nan ne likita kan ambaci tiyata, kuma hanyar ba ɗaya ba ce.

Kafin a kai ga wuƙa, a tabbatar an gwada masu sauƙi yadda ya kamata: rage yawan abin da ake ba shi a lokaci guda, kaurara abincin, zaunar da shi bayan ci, magance taurin bayan gida, da magani irin su omeprazole. Maganin nan yana rage tsamin ruwan ne kawai, ba ya hana shi hawowa. Yana warkar da gyambo da ƙwannafi, amma yaron da abinci ke shiga huhunsa zai iya ci gaba da ƙwarewa.

Aikin da aka fi yi shi ne na Nissen, wanda likita Rudolf Nissen ya bayyana a 1956. Ana ɗauko saman tumbi a naɗe shi zagaye da ƙarshen bututun abinci a ɗinke, yadda idan tumbi ya cika zai matse bakin da kansa. Tun daga 1991 ake yinsa da na'urar leƙa ciki ta ƙananan huji maimakon tsaga ciki, abin da ya rage zafi da kwanakin jinya. Akwai masu naɗin da bai cika zagaye ba, kamar na Toupet da na Thal. Sun fi barin yaro ya yi gyatsa. Wanda likitanku ya fi sabawa da shi ya fi muhimmanci a kan sunan aikin.

Idan ya karɓi yaro, amai na tsayawa, jiki ya fara murmurewa, ana kuma ciyar da shi a lokutan cin abinci kamar kowa. Sai dai yaran da suka fi bukatar wannan aiki su ne ya fi ba wa matsala, kuma a nan nake son iyaye su dakata. Ba duk amai ne tumbiɗi ba. Tumbiɗi yana zubowa ne ba wahala. Akwai kuma yaron da kafin ya yi amai sai ya yi gumi, miyau ya cika masa baki, ya yi ta kakari. Wannan daga ƙwaƙwalwa umarnin yake zuwa, ɗaure bakin tumbi ba ya kashe shi. Bayan tiyata sai yaro ya yi ta yunƙurin amai ba ya fita, kuma yunƙurin nan shi ke kwance ɗinkin ko ya tura naɗin sama zuwa ƙirji. Sake aikin karo na biyu ya fi na farko wuya. Ban da wannan akwai kumburin ciki saboda iska ta rasa mafita, da saurin zubar abinci cikin hanji wanda ke kawo gumi, gudawa da faɗuwar sukarin jini bayan ci.

Haka ma ciwon huhu. In abin da ke shiga huhun miyau ne ko ruwan da yaro ke sha, domin haɗiyarsa ba ta da kyau, to daga sama matsalar take, aikin da aka yi a ƙasa ba zai taɓa ta ba. Shi ya sa gwaji ke da daraja: hoton haɗiya, leƙa bututun abinci da na'ura, da siririyar wayar da ake sawa ta hanci tsawon awa 24 tana auna yawan hawowar ruwan. Likitan da ya yanke ranar tiyata bai tambayi yadda aman yake zuwa ba, a nemi jin ta bakin wani.

Robar ciyarwa ta ciki, wadda ake sawa ta ƙaramin huji a fatar ciki, daban take da aikin Nissen, ko da yake ana yawan haɗa su. Aikinta isar da abinci tumbi kai tsaye, ba maganin tumbiɗi ba ce. A da wasu likitoci kan ɗaure bakin tumbi duk lokacin da za su sa ta, don riga-kafi. Ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai, a ƙa'idojinta na 2017, ta ba da shawarar a daina yin hakan a matsayin al'ada. Yara da dama roba kaɗai ta ishe su, da zarar an daidaita yawan abinci da saurin ba da shi.

Abokiyar karawar Nissen ta gaske ita ce robar da ke wuce tumbi ta kai abinci ƙaramin hanji. In tumbi babu abinci, abin da zai dawo ya ragu. Ba ta bukatar babban aiki, kuma in ba ta yi ba ana iya cire ta, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da maganin barcin tiyata ke da haɗari a gare shi. Wahalarta a gida take. Hanji ba ya ɗaukar abinci da yawa a lokaci guda, dole a riƙa ɗiga shi da inji na sa'o'i masu yawa a rana. Robar kan toshe, kan zame ta koma tumbi, kuma mayar da ita sai a asibitin da ke da na'urar hoto. Wanda ke nesa da irin wannan asibiti ya lissafa wannan sosai, haka ma kuɗin roba da abinci na musamman da ba sa ƙarewa. Ruwan tsami kuma yana nan, don haka sau da yawa ana ci gaba da magani.

A ra'ayina, inda ake shakka, a fara da robar hanjin nan ko da ta hanci aka sa ta na ɗan lokaci. In yaro ya samu sauƙi, an gane daga tumbi matsalar take, sai a zauna a zaɓa tsakanin ci gaba da ita da yin Nissen. In kakari da ciwon huhu ba su ragu ba, an tsira daga aikin da da ma ba zai yi amfani ba.

Akwai hanya ta ƙarshe, wadda likita Adrian Bianchi ya bayyana a 1997: a raba bututun abinci da tumbi gaba ɗaya a haɗa shi da hanji, a ci gaba da ciyarwa ta robar ciki. Tumbiɗi ba shi da hanya kuma, amma babban aiki ne mai haɗarin yoyon ɗinki, kuma cibiyoyi kaɗan ne suka ƙware a kansa. Akan ajiye shi ne ga yaron da Nissen ya kwance masa, wanda da ma ba ya ci ta baki.