Sikana ta OBD2 da matsalar kikdawun a motata, ga yadda muka kwashe

Wata biyu kenan da na sayi irin ƙaramar sikanar nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari tana haɗuwa da waya ta Bluetooth tana karanto matsalolin da kwamfutar mota ta gano, kuma dalilin sayenta ɗaya ne, motata mai giya otomatik ta daina yin kikdawun, wato saukar da giya in na take totur har ƙasa. Ka fito za ka wuce tirela a kan hawa, ka danne ƙafa, mota sai gurnani kawai tana jan jiki a babbar giya kamar ba da ita ake ba. Ranar da na ga motar da ke tahowa ta kusa cim mini, wallahi jikina sai da ya yi sanyi.

Bakanike na farko ko tuƙa ta bai yi ba ya ce a sauke giyabos. Ban yarda ba, don giyoyin suna shiga lafiya lau in ana tafiya a hankali, man giya kuma jajir yake ba warin ƙuna.

Na soka sikana, babu kod (lambar matsala) ko ɗaya. Da farko raina ya ɓaci, daga baya wani mai rewaya ya fahimtar da ni cewa ƙananan nan galibi kwamfutar inji kawai suke karantawa, in sun yi ƙoƙari su nuna maka P0700, ma'ana akwai ƙorafi a ɓangaren giya amma ba za su faɗi mene ne ba. Kuma suwic ɗin kikdawun, wanda feda ke dannawa in ka take har ƙasa, in ya ƙi haɗa wuta sau da yawa ba ya barin kod, tunda kwamfuta ba ta ma san an danna shi ba. Inda sikanar ta yi min rana shi ne nuna buɗewar totur kai tsaye, ina takawa lamba tana hawa sumul ba tsalle, sai na cire sensar totur daga zargi.

Sauran aikin mitar gwada wuta ce ta yi shi. Suwic ɗin yana ƙasan feda a jikin daɓen motar, muka ɗaga kafet, muka zare soket, muka sa mita a wurin da take ƙara in wuta ta haɗu. Danna shi, shiru. Sake dannawa, shiru. Ashe ruwa ya daɗe yana kwanciya a wurin, ƙarafan ciki sun yi tsatsa. Muka sa wani, na hau titi na take, nan take giya ta faɗo inji ya ɗauka.

Sikanar dai ban yi da-na-sanin sayenta ba, amma ita kaɗai ba za ta kamo maka wannan matsalar ba, sai da mita. Ka fara duba kafet ma ko shi ya tokare feda, kuma in motarka sabuwar ƙira ce mai totur na lantarki wataƙila babu suwic ɗin kwata-kwata, sensar feda ce ke aikin.