Canjin mital ɗin kwanrod: yadda aikin ya kasance bayan wata biyu

Ƙarar ta fara ne a hankali, ƙwas-ƙwas daga can ƙasan inji, musamman in na taka totur bayan mota ta ɗauki zafi. In na tsaya kuma, fitilar baƙin mai ta riƙa ƙiftawa ke nan. Wani ya ce in zuba mai mai kauri, ƙarar za ta lafa. Ban bi shawararsa ba, don mai kauri rufe ciwon kawai yake yi, ƙarfe na can yana cin ƙarfe.

Makaniken da na kai wa bai yi gaggawar sauke inji ba. Ya tsiyaye man a faranti, ya haska da tocila, ya ce, "Yallaɓai, matso ka gani." Wasu 'yan ɓurɓushi ne ke ƙyalli a ciki kamar garin tagulla. Da ya kwance tukunyar mai ta ƙasa ya buɗe murafan kwanrod huɗun (sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji), sai ga mital (siririn ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf) na silinda ta 3 ya cinye har jan ƙarfen cikinsa ya fito.

Abin da ya saye ni shi ne awo. Mital ba ya gogar karanshaf in inji na aiki, siririn mai ne ke shiga tsakani, kuma ratar ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ta buɗe, mai ya tsere, ƙara ta taso. Ya bi wuyan karanshaf da farce bai ji karce ba, amma bai tsaya nan ba. Ya auna shi ta ɓangarori daban-daban ko ya daina zama zagaye, sannan ya ɗora zaren Plastigauge (siririn zaren roba na auna rata), ya ɗaure, ya kwance, ya gwada faɗinsa da takardar awo: milimita 0.04. Da wuyan ya karce, in ji shi, sai an sauke an yanke shi an sa mital na 0.25, wato mai ƙarin kauri da zai cike abin da aka yanke, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba. Kowane murfi ya koma kan kwanrod ɗinsa, ƙusoshin kuma da sufanar awo ya ɗaure su, ba da ƙarfin damtse ba. Rariyar da famfo ke tsotsar mai ta cikinta ma ya wanke ta tas.

Inda raina ya ɓaci, ya ce kwana ɗaya, aiki ya kai kwana uku. Mital ɗin da aka fara kawowa ba girman injina ba ne. Na ji daɗin da ya mayar da shi, sai dai ko waya bai yi mini ba, sai da na je da ƙafata.

Bayan kilomita 800 na koma aka canza mai da filta. Na karɓi tocilar na haska farantin da kaina, babu ƙyalli ko ɗaya. Fitilar mai yanzu tana mutuwa da zarar inji ya tashi, ƙarar kuma ban sake jinta ba ko a kan hawa.